Wasan 'Yan Matan Amurka da Ya Ɓata wa Samari Rai

Yau filin namu zai leƙa Amurka ne, mu ji yadda samarin can suka karɓi wani wasan barkwanci da wata yarinya ta shirya a kan 'yan mata.

Sunan wasan Girls, wato 'Yan Mata. Gidan talabijin na HBO ya fara nuna shi ran 15 ga Afrilu, 2012, aka ƙare a 2017 bayan kashi 62. Wadda ta ƙago shi, Lena Dunham, shekarunta 25 a lokacin, ita ce kuma ta fito a matsayin Hannah. Labarin ƙawaye huɗu ne a birnin Niyok, Hannah da Marnie da Jessa da Shoshanna. Tun a kashin farko iyayen Hannah suka zaunar da ita suka ce sun daina ba ta kuɗi, shekara biyu ke nan da gama jami'a, ta je ta nemi na kanta. Daga nan sai fama da kuɗin haya, da neman aiki, da samari marasa kan gado.

Bari in faɗa tun da wuri, don 'yan makaranta masu karanta wannan fili: wasan yana da tsiraici, ba na yara ba ne, ban kuma ce a nema a kalla ba. Surutun da ya biyo bayansa ne abin dubawa.

Kukan samari na farko shi ne an ci mutuncinsu. Ɗan wasan nan James Franco ya rubuta a 2012 cewa bai taɓa ganin tarin ragwayen maza irin na cikin wasan ba. Gaskiya kuwa babu na zaɓe a cikinsu. Saurayin Hannah, wanda Adam Driver ya fito a matsayinsa, ba ya ko amsa saƙonta sai ya ga dama, kullum yana ɗaki ba riga. Saurayin Marnie kuma kirkinsa ya yi yawa har ya gundure ta. Amma Franco ya yi adalci, ya ce ramuwar gayya ce, domin wasan Entourage na maza ya daɗe yana nuna mata tamkar ba su da ƙwaƙwalwa. To, kun ji fa! Shekara da shekaru mata suna kallon irin wannan suna haɗiyewa, rana ɗaya aka juya madubin, sai ihu.

Kuka na biyu ya fi muni, domin jikin Lena suka sa a gaba. Ita ba siririya ba ce, ba ta kuma ɓoye hakan. Maza da yawa suka yi ta tambaya, wai me ya sa za a nuna musu mace irin wannan? Har Howard Stern, mai shirin rediyo, wanda ya ba hamsin baya, ya kira ta 'yar lukuta a Janairun 2013, daga baya ya nemi gafara. A watan nan ne wasan ya ci kyautar Golden Globe biyu. Ni dai a ganina, mai irin wannan tambaya ya ɗauka duk macen da ta fito a talabijin dominsa aka fito da ita.

Akwai sukar da ke da tushe. An ce taurarin huɗu duk Turawa ne a birnin da ke cike da baƙaƙen fata, kuma duk 'ya'yan sanannun mutane ne. Mahaifin Allison Williams, alal misali, shi ke karanta labarai a tashar NBC a lokacin. Wannan magana mata ma sun yi ta, har sun fi maza ɗaga murya.

Abin dariya, da aka duba lissafin masu kallo a 2012, sai aka tarar maza sun fi rabin waɗanda ke zama gaban akwati lokacin da ake nuna shi, da yawansu ma dattawa ne da suka haura hamsin.