MAI BARCIN DA YA SAN MAFARKI YAKE YI

Da yawa daga cikin Hausawan da ke neman abinci a unguwar Uwani ta birnin Inugu barcinsu guntu-guntu ne. Mai tsire ba ya kashe wuta sai dare ya raba, maigadi kuwa sai an sallame sallar asuba sa'an nan ya miƙe bisa tabarma. A wannan barci na bayan asuba ne, lokacin da mafarki ya fi tsawo, wani kan ga kansa a tsakar gidansu can Arewa, sai ya ce a ransa, "Ashe mafarki nake yi." Yana faɗin haka ya farka, gida ya ɓace.

Wani likita mutumin Holan, Frederik van Eeden, ya yi rubutu a kan wannan al'amari cikin 1913, amma masana suka yi ta tababa har 1975. A shekarar ne Keith Hearne na Jami'ar Hull a Ingila ya shirya da wani mutum cewa in ya gane yana mafarki, ya juya idanunsa hagu da dama. Da yake jikin mai mafarki a sake yake, idanu ne ke motsi, sai na'ura ta kama alamar alhali yana sharar barci. A wani binciken da aka wallafa cikin 2021 har lissafi aka yi wa wani a Amurka, aka ce ya ɗebe 6 daga 8, ya amsa 2 da idanunsa.

To, wuyar abin ba ganewar ba ce, riƙe ta daidai gwargwado shi ne aiki. Kamar lagwanin fitila take: a ɗaga shi ainun ya yi hayaƙi, a sauke shi ya mutu. In murna ta kwashi mutum, hankalinsa ya cika tashi, sai ya farka. In ya saki jiki, mafarkin ya janye shi ya manta. Stephen LaBerge, wanda ya yi nazarin abin a Jami'ar Stanford, ya ba da shawarar mai mafarki ya murza tafin hannuwansa ko ya yi juyi a tsaye, don hankali ya zauna ga jikin mafarki, kada ya koma ga wanda ke kwance.

Amma fa akwai hattara. Masu katse barci da gangan don neman wannan hali sukan gamu da abin da Bahaushe ke kira dannau, wato hankali ya farka jiki bai farka ba, mutum ya kasa ko ɗaga yatsa. Ba ya daɗewa, sai dai akwai firgitarwa, kuma direban da zai kama hanyar Fatakwal da safe ba shi da barcin da zai yi wasa da shi.

Malamai sun kasa mafarki uku: na gaskiya, na Shaiɗan, da zancen zuci. Mafarkin da mutum ya sarrafa da kansa ya fi kusa da na ukun. Saboda haka ɗan kasuwar da ya yi istihara a kan ya tattara ya koma gida ko ya zauna, in shi ya kai kansa tashar mota cikin mafarki, bai sami amsa ba tukuna.