Labarin Zuciya a Tambayi Fuska

Karatu: Farawa 4:3-8

Muna ciyar da yaranmu, muna biyan kuɗin makarantarsu, amma mu nawa ne muke koya musu sanin abin da yake cikin zuciyarsu?

Ku lura da yadda Allah ya yi da Kayinu. Da Allah ya karɓi sadakar Habila, bai karɓi tasa ba, sai Kayinu ya husata, ya ɓata fuska. Ubangiji bai soma da hukunci ba. Ya tambaye shi dalilin fushinsa, ya ambaci fushin da sunansa, ya gargaɗe shi, ya kuma nuna masa hanyar gyara. Kayinu ya ƙi ji, fushin da ya riƙe a ciki ya kai shi ga kashe ɗan'uwansa.

Mu kuwa, in yaro ya yi kuka, sai mu ce, "Yi mini shiru! Namiji ba ya kuka." Amma Yesu da kansa ya yi hawaye saboda mutuwar Li'azaru (Yahaya 11:35). Yaron da aka hana shi faɗin damuwarsa bai rabu da ita ba, ya dai koyi ɓoyewa. Likitoci sun ce ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da kamun kai ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Ashe ɗan shekara 5 yana bukatar mai bi da shi.

To, in Ladi ta mari ƙanenta saboda an ba shi tsokar nama ita ba a ba ta ba, ke uwa, kira ta gefe. Ki ce, "Na ga ranki ya ɓaci. Kina ganin an fi sonsa ne?" Ki bari ta gama magana. Sa'an nan ki nuna mata cewa jin haushi dabam, mari dabam. Sai ta je ta roƙi gafara. Ba a yar da horo ba, an dai sa saurarawa a gabansa.

Ubanni, Manzo Bulus ya gargaɗe ku musamman kada ku tsokani 'ya'yanku (Afisawa 6:4). Yadda kake yi sa'ad da ranka ya ɓaci, haka ɗanka zai koya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu yi addu'a: Ya Uba, ka ba mu kunnen jin yaranmu, da haƙurin bi da su. Cikin sunan Yesu, Amin.