Yadda Ake Zaɓar Gidan Kula da Tsofaffi a Amurka

A Amurka akwai gidajen da dattijo ke kama ɗakinsa na kansa, ma'aikata kuma su riƙa taimaka masa da wanka, sa tufafi, abinci da shan magani a kan lokaci. Ba asibiti ba ne. Mai buƙatar jinya dare da rana, wurinsa daban.

Maganar kuɗi ce kan gaba. Medicare, inshorar lafiyar gwamnatin tarayya ta 'yan shekara 65 zuwa sama, ba ta biyan kuɗin zama a irin waɗannan gidaje. Medicaid, wani shirin lafiya na gwamnati, kan ɗauki wani ɓangare na hidimar a jihohi da dama, amma ga masu ƙaramin ƙarfi. Galibi daga aljihun iyali kuɗin ke fita, kuma yakan hau idan jiki ya ƙara rauni. Kada a sa hannu a yarjejeniya sai an ga tsarin kuɗin a rubuce, haɗe da dalilan da za su sa a sallami mutum.

Jihohi ne ke ba da lasisi, don haka a nemi rahoton bincikensu na baya-bayan nan.

Sai dai gani ya kori ji. A je ba sanarwa, a daidai lokacin abincin rana. Ana jin zarnin fitsari a hanyar ɗakuna? An yanke wa mazauna farce? Idan tsohuwa ta danna ƙararrawa, minti nawa ake yi kafin a leƙo ta? Ma'aikata nawa ke kwana? Iyalin Musulmi kuwa su tambayi batun abincin halal, da ko mace ce za ta riƙa yi wa mahaifiyarsu wanka.