Saurayin Da Ya Rasu Amma Sunansa Bai Mutu Ba

Duk mutumin Kafanchan da ke ci-rani a Legas ko Ibadan ya san al'adar gida: idan babba ya rasu, akan mayar da sunansa ga jariri don kada a manta shi. To, ashe masu wasannin kwamfuta ma sun san wannan.

A Amurka akwai wani saurayi, Erik West, wanda abokan wasansa suka sani da Immok the Slayer. Ya ƙware ƙwarai a wasan Oblivion, har ya ziyarci kamfanin Bethesda mai yin wasan, ma'aikata suka yi mamakin iliminsa. Ciwon daji ya yi ajalinsa a watan Mayu 1911 ƙari da ɗari, wato 2011, watanni shida kafin sabon wasansu, Skyrim, ya fito ranar 11 ga Nuwamba.

Kamfanin ya sa shi cikin wasan: Erik, ɗan mai masauki a ƙauyen Rorikstead, manomin da ke burin fita duniya. A 2012 aka ba jama'a kayan gyara wasan, kuma har yau masu yi masa ƙari suna ratsa ƙauyen, su tarar da shi.