BABI NA UKU: SAMAR DA ISKAR GIRKI DAGA RUWAN SARRAFA ABINCI A ƘASAR RUMA

3.0 Shimfiɗa

Wannan babi zai yi bayani a kan gurɓataccen ruwan da ke fita daga sana'o'in sarrafa abinci a ƙasar Ruma, wadda ta ratsa ƙananan hukumomin Batsari da Safana a yammacin Jihar Katsina. Za a duba musabbabin ɗoyin da wannan ruwa ke haifarwa, sannan a nuna yadda za a iya mayar da shi iskar girki, wato bayogas.

3.1 Ire-iren Ruwan da Musabbabin Ɗoyinsa

Mafi yawan sana'o'in sarrafa abinci a wannan yanki na mata ne, kuma a cikin gida ake yin su. Mai daddawa takan dafa kalwa na tsawon sa'o'i, ta surfe ta, ta wanke ɓawon da ruwa mai yawa. Mai awara takan jiƙa waken suya, ta markaɗa, ta tace, ta dafa, ta zuba ruwan tsami, sannan ta matse. Haka kuma mai koko takan tsiyaye ruwan da ke kan gasara. Masu kwaki da alabo kuwa sukan zubar da ruwan da aka matse daga rogo ko aka jiƙa shi a ciki. Duk waɗannan ruwaye ta rariya suke fita, su kwanta a kwata ko a kududdufin bayan gida.

Ruwan yana ɗauke da sitaci da sukari da furotin. Da zarar ya kwanta, sai ƙwayoyin bakteriya su cinye ɗan iskar oksijin da ke cikinsa, daga nan sai ruɓa ta ci gaba ba tare da iska ba. A nan ne ake samun haidirojin salfaid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, da amoniya, da wasu sinadarai masu tsami. Baya ga ɗoyi, kwatar takan tara ƙuda da sauro, takan tsatsafa cikin rijiyoyi marasa zurfi, takan kuma jawo rashin jituwa tsakanin maƙwabta. Ruwan rogo mai ɗaci yana da ƙarin haɗari, domin yana da gubar sayanaid wadda ke iya kashe akuya ko tunkiyar da ta sha shi.

3.2 Taƙaitaccen Tarihin Bayogas

A shekarar 1776 ne masanin nan na ƙasar Italiya, Alessandro Volta, ya gano cewa iskar da ke tasowa daga laka a Tafkin Maggiore tana kama wuta. A 1895 aka kunna fitilun titi a garin Exeter na Ingila da iskar da aka samu daga ruwan masai. Daga bisani ƙasashen Indiya da Sin suka yaɗa ƙananan rijiyoyin gas a karkara. A ƙasar Tailan kuwa, masana'antun sitacin rogo suna tara ruwan da suke fitarwa, su samar da gas ɗin da suke busar da sitacin da shi. A Arewacin Nijeriya, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta gudanar da gwaje-gwajen rijiyar gas ta hanyar amfani da kashin shanu.

3.3 Yadda Gas ke Samuwa

Rijiyar gas wani rufaffen mazubi ne wanda iska ba ta shiga cikinsa. Tana da mashiga, da mafita, da bututun da ke kai gas murhu. Ruɓar da ke faruwa a kwata ita ce ke faruwa a cikinta, sai dai a nan takan kai ƙarshe, kuma abin da ya taso ba ya bin iska. Masana sun kasa aikin kashi huɗu. Da farko ana narkar da sitaci da furotin da mai su zama ƙanana. Na biyu, wasu bakteriya su mayar da su sinadarai masu tsami. Na uku, a mayar da waɗannan asid ɗin asetik da haidirojin. Na huɗu, ƙwayoyin da ke samar da metan su cinye su, gas ya taso.

Gas ɗin yana ƙunshe da metan kashi 50 zuwa 70 cikin 100, sauran kuma mafi yawansa kabon dayokzaid ne, tare da ɗan haidirojin salfaid. Tun da sinadarai masu tsami ne ke kawo yawancin ɗoyin, kuma su ne abincin ƙwayoyin mataki na huɗu, ruwan da ke fita ƙarshe warinsa kaɗan ne, ana kuma iya zuba shi a gona a matsayin taki. Shi kuwa haidirojin salfaid ana rage shi idan aka bi da gas ta cikin gwangwani mai ɗauke da tsatsar ƙarfe.

3.4 Sharuɗɗan Aiki

Ƙwayoyin metan sun fi aiki a zafin da ya kai digiri 30 zuwa 38, abin da yanayin Katsina ke bayarwa a yawancin watanni. A lokacin hunturu aikinsu yakan ragu, saboda haka ake binne rijiyar a ƙasa. Haka nan ba su jure tsami. Suna buƙatar ma'aunin tsami ya tsaya kusa da 7, alhali ruwan rogo yakan sauka zuwa wajen 4. Don haka ba a zuba shi zalla, sai an gauraya shi da kashin shanu, wanda ke kawo ƙwayoyin da kansa, ko a sa ɗan ruwan toka. Bai kamata a zuba ruwan sabulu ko na maganin ƙwari ba.

Ana son ruwa ya kwana 20 zuwa 40 a ciki. Misali, gidan da ke zuba lita 50 kullum, idan ana son kwana 30, yana buƙatar mazubi mai cin lita 1,500, ban da wurin taruwar gas. Kilo 1 na ɗanyen kashin shanu yakan ba da kimanin lita 40 na gas, mutum ɗaya kuma yana buƙatar lita 300 zuwa 400 don girkin yini. Ke nan gida mai mutum 6 sai ya sami kusan kilo 50 na kashi kullum idan da shi kaɗai zai dogara. Ruwan awara ko na rogo yana ƙara yawan gas, yana kuma maye gurbin ruwa mai kyau da ake dama kashin da shi, abin da ke da muhimmanci a ƙauyukan da ke fama da ƙarancin ruwa da rani.

3.5 Dacewarsa da Ƙasar Ruma

Dafa kalwa da suyar awara sana'o'i ne masu cin itace, kuma Dajin Rugu shi ne babbar madogarar itace a yankin. Tun daga shekarun 2010 hare-haren 'yan bindiga suka sa shiga dajin ya zama kasada. Wannan ya ƙara wa bayogas daraja. Sai dai satar shanu ta rage kashin da ake samu a gidaje da yawa, ga kuma tsadar siminti da bututu. Saboda haka rijiyar haɗin gwiwa ta ƙungiyar mata, wadda aka gina kusa da mahauta ko karar dabbobi, ta fi dacewa da halin da ake ciki a kan ta gida ɗaya.

3.6 Naɗewa

Wannan babi ya nuna cewa ɗoyin kwata da iskar girki daga tushe guda suke, wato ruɓa ba tare da iska ba. Idan aka killace ruwan, aka daidaita tsaminsa, aka ba shi isassun kwanaki, za a rage ɗoyi, a sami wutar girki da taki. Babi na gaba zai duba tsarin ginin rijiyar da kayan da ake buƙata.