Motsa Jiki Daga Gida Ga Masu Hawan Jinin Huhu

Hawan jinin huhu daban yake da hawan jinin da ake aunawa a damtse. A nan jijiyoyin da ke kai jini daga zuciya zuwa huhu ne ke ƙuntacewa ko su yi tauri, sai ɓangaren dama na zuciya ya riƙa tura jini da ƙyar har ya raunana. Ciwon zuciya da cututtukan huhu da daskarewar jini duk suna haddasa shi, haka ma sikila, wadda ta yi yawa a Nijeriya. Mai cutar yakan yi haki daga ɗan taku kaɗan, ga kasala, wani lokaci har da suma.

Shekaru da dama likitoci suna hana irin waɗannan majinyata motsa jiki don gudun kada zuciya ta gaza. Binciken da aka yi a Heidelberg ta ƙasar Jamus, aka wallafa a 2006, shi ya sauya wannan ra'ayi. Majinyata sun yi mako 3 a asibiti suna tuƙa keken motsa jiki, da tattaki, da atisayen numfashi, sannan suka ci gaba a gida na mako 12 ana bibiyarsu ta waya. Tazarar da suke iya takawa cikin minti 6 ta ƙaru da kusan mita 96. A 2022 ƙungiyoyin likitocin zuciya da na huhu na Turai suka ƙarfafa shawararsu ta motsa jiki ƙarƙashin kulawa ga waɗanda ke kan magani.

Sai dai cibiyoyin da suka ƙware kaɗan ne, kuma doguwar tafiya kanta wahala ce ga mai haki. Wannan ya sa ake gwada kulawa daga nesa, musamman tun annobar korona. Likitan motsa jiki yana kallon majinyaci ta bidiyo, shi kuma yana maƙale da 'yar na'ura a yatsa mai nuna bugun zuciya da yawan iskar oksijin a jini. Da waɗannan alƙaluma ake ƙara masa aiki ko a rage.

Tsarin bai dace da kowa ba. Wajibi ne a fara auna mutum a asibiti, a tabbatar cutar ta lafa da magani. Ɗaga kaya masu nauyi da riƙe numfashi abin gudu ne, kuma da zarar an ji jiri ko ciwon ƙirji sai a tsaya, a kira likita. Ya kamata kuma a samu wani a kusa yayin atisayen, domin wanda ke kallo ta waya ba zai iya tallafar wanda ya faɗi ba.