Ruwan Dutsen Habasha da 'Yan Mazan Jiyanmu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Mugran cikin watan Agusta ya san abin da za mu faɗa. Farin Nilu yana tahowa a natse daga kudu, shi kuwa Shuɗin Nilu sai ya iso da ƙarfi, jajir da laka, har ya kusa tare wa ɗan'uwansa hanya. Sukan yi tafiya mai nisa kafaɗa da kafaɗa, kowa da launinsa, kafin su gauraya. Mutanen nan suna kiran wannan lokaci damira.

Mu da aka haifa a filin Hartum da Omdurman mukan manta cewa ruwan dutse muke sha. Abbai, kamar yadda Habashawa ke kiransa, yana fita daga tafkin Tana, ya faɗo a Tis Isat, ya ratsa kwazazzabai masu zurfin gaske, sannan ya shigo ƙasarmu ta wajen Rusairis. Lakar da ta mai da Jazira gonar auduga, ƙasar duwatsun can ce ruwa ya wanko. Malamanmu na allo sun karantar da mu cewa a Sahihu Muslim an ambaci Nilu cikin kogunan Aljanna, kuma a cikinsa aka saka Annabi Musa yana jariri, Allah ya tsare shi. Shi ya sa tsofaffinmu ba sa ɗiban ruwan bahar sai da bisimilla. Ambaliyar 1988 ta rushe mana gidaje, amma ba mu ji dattijo ko ɗaya ya zagi kogin ba.

A gaɓar wannan kogi kakanninmu suka sauke kaya. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas, ya kafa Mayurno kusa da Sinnar a 1906. Wasu kuma mahajjata ne da suka tsaya neman guzuri, guzurin ya zama gida.

To, a watan da kogin ke cika ne ake bikin ranar soja, 14 ga Agusta, tunawa da ranar da Janar Ahmad Muhammad ya karɓi shugabancin rundunar daga hannun Ingilishi a 1954. Mu dai abin da ranar ke tuna mana shi ne wani tsoho a unguwarmu, lokacin muna yara. Kullum da la'asar yana kan angarib a ƙofar gida, da jabana a gabansa, da wata tsohuwar lambar yabo da yake ajiyewa cikin gwangwanin shayi. Mukan yi masa dariya in ya fara labarin sanyin duwatsu. Allah ya yafe mana, sai da muka shiga kwalejin horon malamai muka gane cewa tarihi ne yake ba mu kyauta.

An kafa Rundunar Tsaron Sudan a 1925. A Yulin 1940 Italiya ta kama Kasala, aka ƙwato ta a Janairun 1941, daga nan aka nufi Karan a Iritiriya, inda aka yi kusan wata biyu ana hawan duwatsu ƙarƙashin ruwan harsashi kafin garin ya faɗi ranar 27 ga Maris. Wata bataliya ta sojan Sudan kuma ta raka Sarki Haile Salasi, wanda ya yi zaman gudun hijira a nan Hartum. Sun hau tsaunukan Gojjam da dubban raƙuma, mafi yawansu suka mutu a hanya. Suka kama Dabra Markos, aka ƙetare Abbai, sarkin ya shiga Adis Ababa ranar 5 ga Mayu. Watau samarin da suka girma suna wanka a ƙasan kogin sun je sun sha shi a samansa. A daidai wannan lokaci sojan Nijeriya, waɗanda da Hausa ake ba su umarni, suna tahowa daga Mugadishu zuwa Harar.

Tsohon nan ya rasu tuntuni. Ba mu rubuta ko lambar bataliyarsa ba, gwangwanin ma ya ɓace a wani tashin gida. Wannan sakaci ya dawo ya cije mu a Yulin 2022, lokacin da rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu, aka kashe mutane da yawa, aka yi ta faɗa mana a fuska cewa mu baƙi ne. Muna da kaburbura da gonaki da za mu nuna, amma sunayen waɗanda suka ɗauki bindiga don ƙasar nan suna cikin kawunan tsofaffi kawai. Sai ga yaƙin da ya fara ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tarwatsa tsofaffin da takardunsu. Famfo ya ƙafe a unguwanni da dama, jama'a suka koma ɗiban ruwa a bahar da jarka kamar zamanin kakanni.

Don haka muna roƙon masu karatu. Wanda yake da uba ko kaka ko kawu da ya yi soja, ko a yaƙin Italiya ko bayansa, ya rubuto sunansa da garinsu da shekarun da ya yi aiki. In akwai hoto ko takardar sallama ko littafin fansho, a ɗauki hotonsu da waya, kada a rabu da na ainihin. In yana da rai, a je a zauna da shi, a kai masa suga da gahawa, a bar shi ya yi magana har ya gaji. Ɗalibanmu na aji takwas sun riga sun buɗe littafi, kuma yarinyar da ta fara kawo sunan kakanta ta ce shi ma ya ambaci sanyin duwatsun.